FASHIN BAƘI: Yadda iyalai ke raba rumbun waƙoƙi ta intanet, da abin da ke iya salwanta a hanya

A gidaje da yawa na Arewa akwai mutum guda da aka sani da tara waƙoƙi. Wani ya gaji kwalin kaset ɗin mahaifinsa, wani kuma ya shekara goma yana cika memori a wurin masu tura waƙoƙi na kasuwar waya. A hannun irinsu ake samun Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗankwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge, haɗe da waƙoƙin finafinai, da ƙasidu, da waƙoƙin siyasar zaɓukan da suka wuce. Wahalar tana tasowa ranar da ƙanwa da ke aure a Legas, ko yaya da ke neman kuɗi a Jidda, ya ce a turo masa duka.

Tura waƙa ɗaya abu ne na daƙiƙoƙi. Tura dubbai kuwa ya ƙunshi tsadar data, da dokar haƙƙin mallaka, da tambayar wa ke riƙe da ajiyar idan kamfani ya rufe ko gwamnati ta katse layi.

Nauyin kayan

Waƙar da aka adana a tsarin MP3 mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabait ɗaya a kowane minti. Mafi ingancin MP3 yana cin kusan megabait biyu da rabi a minti. Sautin da ba a matse shi ba, irin na faifan CD, yana cin kusan megabait 10 a minti, tsarin FLAC kuma yana rage wannan zuwa wajen rabi ba tare da an zubar da komai daga sautin ba.

Waƙoƙin makaɗan gargajiya suna da tsawo, don haka lissafin yana saurin hawa. A ɗauki misalin rumbu mai waƙa 2,000, kowace mai tsawon minti takwas, a matsakaicin inganci. Wannan ya kama gigabait 16. Mai rumbun zai ƙona gigabait 16 na data wajen ɗorawa, kowane ɗan'uwa kuma zai ƙona wasu 16 wajen saukewa. Idan mutum biyar ne za su karɓa, gidan ya sayi gigabait 96 kafin kowa ya ji waƙa ɗaya. Idan saurin ɗorawa megabit biyar ne a daƙiƙa, aikin zai ci fiye da sa'a bakwai, wato in layi bai yanke ba kuma waya ba ta mutu ba.

Lissafin ya ƙara nauyi tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da abin da ya kai kashi 50 cikin 100.

Hanyoyin da ake bi, da iyakar kowace

Imel shi ne mafi rauni. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo guda, wanda bai kai waƙoƙi huɗu na misalin sama ba.

WhatsApp ne kowa ke fara tunawa. Tun 2022 yana karɓar fayil mai nauyin gigabait biyu idan an tura shi a matsayin takarda, kuma saƙonninsa a kulle suke daga mai turawa zuwa mai karɓa. Sai dai an gina shi don hira. Wanda ya yi jinkirin saukewa yana iya tarar da fayil ya daina buɗuwa, wanda ya sauya waya ba tare da ajiya ba kuma yana iya rasa komai. Akwai kuma masu kunna waƙa a rediyo ko kaset su naɗe ta da maɓallin saƙon murya, abin da ke matse sautin ya lalata shi.

Telegram yana karɓar fayil har gigabait biyu, ko huɗu ga masu biyan kuɗi, kuma yana ajiye kayan a kwamfutocinsa, ta yadda wanda ya shigo zauren iyali daga baya zai iya tarar da su idan an buɗe tarihin zauren. Amma zaurukansa ba su da irin kullin WhatsApp, kuma kamfanin yana rufe tashoshin da aka kai ƙararsu kan haƙƙin mallaka.

Rumbunan intanet su ne suka fi dacewa da wannan aiki. Ana ɗora kayan sau ɗaya, a ba 'yan'uwa izinin shiga, kowa ya sauke abin da yake so a lokacin da yake da data. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma a ciki ne imel da hotunan mutum suke zaune. OneDrive na Microsoft da iCloud na Apple suna ba da biyar-biyar, Dropbox kuma biyu. Rumbun misalin nan ya fi ƙarfin kowannensu, sai an biya kuɗin wata-wata, ko an rarraba shi a asusu fiye da ɗaya.

Akwai kuma manhajojin da ke haɗa na'ura da na'ura kai tsaye ba tare da kamfani a tsakiya ba, irin su Syncthing. Sharaɗinsu shi ne na'urorin biyu su kasance a kunne kuma a kan intanet a lokaci guda. A unguwar da wutar lantarki ke zuwa sa'o'i kaɗan a rana, cika wannan sharaɗi yana da wuya.

Shi ya sa tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Memori mai gigabait 32 da aka ba direba a tasha, ko aka danƙa wa mai tafiya Umara, yakan isar da rumbun gaba ɗaya ba tare da an sayi data ba. Idan ana wuri guda, Xender ko Quick Share suna tura kaya daga waya zuwa waya ta Wi-Fi, su ma ba sa cin data. Abin lura shi ne jabun memori, wanda ke nuna girman da ba shi da shi. Yana karɓar kaya lafiya lau, sai an zo kunnawa a tarar rabin waƙoƙin sun lalace. Gwajinsa shi ne a cika shi, a cire, a mayar, sannan a kunna waƙoƙi daga farko da tsakiya da ƙarshe.

Al'adar ta girmi intanet

Kwafar waƙa daga hannu zuwa hannu ta daɗe a ƙasar Hausa. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta yi suna wajen kwafar kaset da rarraba shi zuwa garuruwan Arewa da maƙwabtan ƙasashe, har masanin nan Brian Larkin ya yi nazarin harkar a littafinsa Signal and Noise na 2008. Da wayoyi masu memori da Bluetooth suka shigo, sana'ar ta koma hannun matasa masu kwamfuta a rumfuna, waɗanda ke zuba wa mutum waƙoƙi da finafinai a kan kuɗi kaɗan. A 2011 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da wani faifai na waƙoƙin da aka tattaro daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, shaidar cewa a yankin Sahel waya ta zama shagon waƙa da ɗakin ajiyarta a lokaci guda.

Wannan hanya tana da fuska ta siyasa. A 2009, lokacin da takun-saƙa ya yi tsanani tsakanin mawaƙa da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wata kotu ta haramta wasu waƙoƙi, amma suka ci gaba da yawo daga waya zuwa waya. Waƙoƙin kamfe ma haka suke. Mawaƙi yana iya sauya sheƙa ya goge tsohuwar waƙarsa daga shafinsa, amma kwafin da ke memorin jama'a yana nan, ɗauke da alkawuran da aka rera wa ɗan takara da zagin da aka yi wa abokin hamayyarsa. Ga mai bin diddigin siyasar Arewa, irin wannan rumbu hujja ce.

Abin da doka ta ce

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin dokar da ta samo asali tun 1988. Sabuwar dokar ta shigo da harkar intanet ƙarara. Ɗora aikin wani a inda jama'a za su same shi haƙƙi ne na mai aikin, kuma yana iya neman kamfanin da ke ɗauke da kayan ya sauke su.

Mutuwar mawaƙi ba ta sakin waƙarsa. Dokar tana kare waƙa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitowarsa. Shata ya rasu a 1999, don haka waƙoƙinsa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Ɗankwairo ya rasu a 1991, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Dukkansu akwai magada ko kamfanonin da ke da haƙƙi a kan ayyukansu.

Dokar ta bar ƙofa ga amfani na ƙashin kai, matuƙar an yi shi bisa adalci, kuma daga cikin abubuwan da ake dubawa akwai yawan abin da aka kwafa da illarsa ga kasuwar mai aikin. Saboda haka akwai tazara mai faɗi tsakanin wanda ya mayar da kaset ɗin mahaifinsa fayil ya aika wa ƙannensa uku, da wanda ya buɗe tasha mai mabiya dubu ashirin yana zuba sabon kundin mawaƙin da ya fito jiya. Na biyun ya shiga rarrabawa ga jama'a, ko da ya kira wurin zauren dangi. Mahaɗin da aka saita a kan “duk mai shi zai iya buɗewa” yana iya mayar da na farkon ya zama na biyun cikin dare ɗaya, idan wani ya tura shi wani zauren.

Akwai kuma batun adalci da ya wuce kotu. Matashin mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo daga aljihunsa yana samun wani abu, komai ƙanƙantarsa, idan an saurare shi a YouTube ko Audiomack ko Boomplay ko Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021. Daga kwafin da ke yawo a memori ba ya samun ko sisi. Waƙar da ke kan waɗannan dandali, tura mahaɗinta ya fi sauƙi ga mai turawa, ya kuma fi amfani ga mai ita. Inda rumbun iyali ke da daraja ta gaske shi ne abin da babu shi a can: naɗin wasan da aka yi a bikin gida, kaset ɗin da kamfaninsa ya daɗe da rufewa, waƙar makaɗin ƙauye da bai taɓa shiga situdiyo ba.

Ajiyar da ke hannun wani

Tarihin intanet cike yake da rumbunan da suka ɓace. A watan Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload bisa zargin satar fasaha, kuma masu ajiyar halal suka rasa hanyar kaiwa ga kayansu tare da masu laifi. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora masa tsawon shekara goma sha biyu wajen sauya kwamfutoci, adadin da aka ƙiyasta ya kai miliyan 50. Google kuma ya sanar cewa daga Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Idan mai asusun ya rasu kuma babu wanda ya san kalmar sirrinsa, agogon ya fara bugawa ke nan.

Gwamnati ma tana iya shiga tsakani. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A tsawon makonnin nan, duk abin da mutum ya ajiye a intanet kaɗai ya yi masa nisa. A shekarar ce kuma aka dakatar da Twitter a faɗin ƙasar daga Yuni zuwa Janairun 2022. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ya san cewa dandali ba gidansa ba ne.

Matakan da suka fi tsare rumbu

Masana ajiyar bayanai suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A aikace, wannan yana nufin kwafi a kwamfuta, kwafi a faifan ajiya na waje da ke gidan wani ɗan'uwa, da kwafi a rumbun intanet.

Kafin a ɗora komai, a tace. Yawancin rumbunan da aka tara daga rumfuna cike suke da maimaici, waƙa ɗaya da suna uku. Cire su kaɗai yana rage nauyi sosai. Sannan a gyara sunaye, a sa mawaƙi da sunan waƙa da shekara idan an sani, domin fayil mai lamba kawai ba ya gaya wa jika komai. A kasa kayan babban fayil-babban fayil bisa mawaƙi, yadda mai son Ɗankwairo ba sai ya sauke waƙoƙin finafinai ba, kuma idan layi ya yanke ba za a koma farko ba.

Wajen ba da izini, a sa adireshin imel na kowane mutum maimakon buɗaɗɗen mahaɗi, kuma a ba su damar gani da saukewa kawai, kada wani ya goge da kuskure. A samu mutum na biyu amintacce da ya san yadda ake shiga asusun.

Masu kaset su fi kowa gaggawa, domin zare yana lalacewa da zafi da ƙura da laima, rediyoyin da ke kunna shi kuma suna ƙarewa a kasuwa. Ana haɗa rediyon da kwamfuta ta waya, a naɗa da manhajar kyauta irin Audacity. Kaset mai minti 90 yana cin kusan gigabait ɗaya idan ba a matse sautin ba. Wannan kwafin na asali shi ake ajiyewa a faifai, a fitar da MP3 mai sauƙi daga gare shi don aika wa dangi. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya, a kuma tambayi dattawan gida inda aka yi wasan da wanda aka yi wa waƙar tun suna raye, a rubuta amsar a ajiye ta tare da fayil ɗin.