Mata da Ƙofar Kulob a Wasan Golf

Golf wasa ne da ake yi a makeken fili mai ciyawa, inda ɗan wasa yakan bugi 'yar ƙwallo da sanda har ya jefa ta cikin rami, daga wannan rami zuwa wancan, har goma sha takwas. A ƙasar Sikotland aka raya shi. Da yake filin yana cin ƙasa da kuɗi masu yawa, galibin filayen da suka yi suna suna hannun kulob-kulob masu zaman kansu, watau ƙungiyoyin da ba a shigarsu sai da yardar waɗanda ke ciki. A nan ne al'adar ware mata ta yi kaka-gida.

Ya kamata tun farko a bambance abu biyu, wasa da zama mamba. Wasan kam mata sun daɗe suna yi, gama an kafa kulob na mata a garin St Andrews a 1867, ƙungiyar mata 'yan golf ta Birtaniya kuwa a 1893. Abin da aka hana su a manyan kulob shi ne zama cikakkun mambobi. Mace takan shiga fili a matsayin baƙuwa ko matar mamba, amma ba ta da ƙuri'a a taro. A wurare da dama ba a barinta ta yi wasa ran Asabar da safe, lokacin da ma'aikaci ke samun sarari, akwai kuma ɗakunan hira da ba ta takawa.

Wanda bai san wurin ba sai ya ce ai wasa ne kawai. Amma a irin waɗannan kulob ne attajirai da shugabannin kamfanoni da 'yan siyasa suke haɗuwa, a saba, a ƙulla ciniki. Macen da aka tsare a ƙofa, an tsare ta daga wannan zumunci mai kawo aiki da arziki. Wannan ya fito fili a 2012, sa'ad da Virginia Rometty ta zama shugabar kamfanin IBM. Kamfanin yana cikin masu ɗaukar nauyin gasar Masters, wadda kulob na Augusta National a jihar Jojiya ta Amurka yake shiryawa tun 1934. Maza da suka riƙe muƙamin kafinta an karɓe su mambobi, ita kuwa a lokacin babu hali.

Hujjar masu kulob ita ce 'yancin tarayya, watau mutum yana da ikon zaɓen abokan zamansa kamar yadda maigida yake da iko da zaurensa. Doka ma ta ba su mafaka. Dokar haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ta keɓe kulob masu zaman kansu daga sharuɗɗan da ta ɗora wa wuraren jama'a. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana kulob mai maza da mata ya fifita wani sashe, amma ta bar na maza zalla da na mata zalla su ci gaba.

To, da yake doka ba ta tilasta ba, me ya buɗe ƙofar? Amsar tana ga manyan gasanni. Kulob yana so a ce nasa ne shi kaɗai, yana kuma so duniya ta zo filinsa kallo, da talabijin da kuɗin talla da girman da ke biye. Ta nan aka kama shi.

A 2002 Martha Burk, shugabar wata gamayyar ƙungiyoyin mata, ta rubuta wa shugaban Augusta, Hootie Johnson, tana neman a karɓi mata. Ya amsa cewa ba za a sa su da tsinin banati ba, har aka nuna gasar 2003 da ta 2004 babu talla, don kada a matsa wa kamfanoni. Sai a watan Agusta na 2012 aka karɓi mata biyu, Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, da Darla Moore, 'yar kasuwa.

A Sikotland, kulob na Royal and Ancient da ke St Andrews, wanda aka kafa a 1754, ya yarda da shigar mata a watan Satumba na 2014, da ƙuri'a kashi 85 cikin 100. Na Muirfield ya fi nuna yadda abin yake aiki. A watan Mayu na 2016 kashi 64 cikin 100 suka yarda, alhali ana bukatar biyu bisa uku, sai shawarar ta faɗi. Nan take hukumar da ke shirya gasar Open ta ce ba za a ƙara kai gasar can ba. Da aka sake ƙuri'a a watan Maris na 2017, kashi 80 suka yarda. A cikin wannan wata kuma kulob na Kasumigaseki a Japan ya sake dokarsa, bayan hukumar wasannin Olamfik ta nuna za ta iya ɗauke wasan golf na Tokyo daga filinsa.

Daga wannan za a ga iyakar nasarar. Matsin ya ci kulob da ke da gasar da za a ƙwace masa, wanda kuwa ba ya karɓar gasa ba shi da abin tsoro, shi ya sa har yanzu akwai na maza zalla. Inda aka buɗe ƙofar ma, kaɗan-kaɗan ake shiga, gama Muirfield mata goma sha biyu ya fara gayyata a 2019. Duk da haka a 2022 an yi babbar gasar mata ta Birtaniya a wannan fili, shekara shida bayan ƙuri'ar da ta ƙi su.