Ciwon Tsufa Kiwonsa Ake Yi, Ba A Korarsa Rana Ɗaya

Yawancin cututtukan da jama'a suka saba da su baƙi ne. Zazzaɓi ya zo, a sha magani kwana uku, ya kama hanyarsa. Amma waɗanda ke kama mutum bayan ya ba shekara sittin baya, watau hawan jini da ciwon sukari da ciwon gaɓoɓi, su zama suka zo yi. Abin da likita ke iya yi shi ne ya sa musu linzami, kuma linzamin nan kullum sai an riƙe shi. Rashin gane wannan bambanci ya kwantar da dattawa da yawa waɗanda, da an kula, da har yanzu suna zuwa masallaci da kasuwa da ƙafafunsu.

Hawan jini

A cikin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ce masu hawan jini a duniya sun ƙaru daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Tsofaffi ne suka fi yawan kamuwa, gama jijiyoyin jini suna taurara da shekaru, sai zuciya ta riƙa tura jini da ƙarfi fiye da kima. Idan aka auna mutum a ranaku dabam-dabam aka sami 140 bisa 90 ko fiye, to, ciwon ya tabbata.

Muguntar wannan ciwo ita ce yawanci ba ya sa zafi ko'ina. Saboda haka sai dattijo ya sha ƙwaya wata biyu, ya ji jikinsa garau, ya ce ya warke, ya ajiye. Alhali kuwa ƙwayar ce ta saukar da jinin, da an daina zai koma inda yake, yana ɓarna a ɓoye cikin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda. Masu cewa tsufa ya riga ya wuce magani su ma sun yi kuskure. Wani babban bincike da aka buga a 2008, wanda aka yi kan mutum 3,845 'yan shekara 80 zuwa sama, ya nuna cewa shan maganin hawan jini ya rage mace-mace da kashi 21 cikin 100, ya kuma rage gazawar zuciya da kashi 64 cikin 100.

Bayan ƙwaya sai gishiri. Abin da Hukumar ta yarje wa baligi bai kai giram 5 a yini ba, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin wannan lissafi har da dunƙulen miya, domin gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Har ila yau, maganin kan sa wasu tsofaffi jiri in sun miƙe farat ɗaya. Wanda ya farka domin sallar asuba sai ya zauna bakin gado na ɗan lokaci kafin ya tashi tsaye. In jirin ya yi yawa a koma wurin likita ya rage ko ya sauya, kada a daina da ka.

Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe nan take, wannan shanyewar ɓarin jiki ce ta taso, ba bugun iska ba. A kai asibiti a cikin sa'ar nan, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu domin yana iya shaƙewa. Maganin da ke narkar da gudan jini, a asibitocin da ke da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi.

Ciwon sukari

Ana tabbatar da wannan ciwo idan awon jinin safe, kafin a karya kumallo, ya kai 126. Kowa na tsoron hawan sukari, amma ga tsoho faɗuwarsa ta fi saurin yin lahani. Tsohuwar da ta sha ƙwaya ko aka yi mata allurar insulin, sa'an nan ta ƙi cin abinci, tana iya jiƙewa da zufa, ta kama makyarkyata, ta ruɗe, har mutanen gida su zaci gigin tsufa ne. Awo ƙasa da 70 alamar haɗari ce. Muddin tana iya haɗiya a ba ta ruwan sukari nan da nan, kana a nufi asibiti. Ƙwayar glibenklamid ta fi sauran jawo wannan, shi ya sa likitoci ke ƙyamar ba tsofaffi ita.

Ciwon yakan kashe jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka ƙaya bai ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Ya kamata a duba tafin ƙafa kowace rana, a tsane tsakanin yatsu bayan alwala, kuma kada a yi yawo ba takalmi. Mai niyyar azumi ya ga likita tun cikin Sha'aban domin a gyara masa lokutan shan magani, in kuwa an ce jikinsa ba zai ɗauka ba, shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya da gajiyayye rangwame.

Maganin gwiwa da ke cin ƙoda

A nan ne cututtukan ke haɗuwa su yi wa tsoho taron dangi. Gwiwa da baya da ƙugu su ne suke damunsa dare da rana, saboda haka su yake nema wa magani. Sai a aiki yaro kantin magani ko wurin masu talla a tasha, ya dawo da diklofenak ko ibufurofen ko wani haɗi da aka ƙulle a leda ba suna. Waɗannan ƙwayoyi suna kashe zafi, gaskiya ne, amma suna ɗaga jini, suna raunana aikin maganin hawan jini, suna jawo gyambon ciki mai zubar da jini, kuma suna cutar ƙoda, wadda dama ƙarfinta ke raguwa da shekaru. Wasu haɗe-haɗen kuma akwai deksametason a ciki, mai kumbura fuska da hawar da sukari. Farasitamol ya fi sauƙin illa in an bi ƙa'idarsa. Tafiya a ƙasa kaɗan-kaɗan kullum, da rage ƙiba, da riƙe sanda, suna taimakon gwiwa ƙwarai.

Ido ma yana cikin lissafi. Tsohon da yana ta rufe wa ido ba ya bambance ƙwaya da ƙwaya, kuma shi ne ke tuntuɓe ya karye a ƙugu, karayar da sau da yawa ba a tashi daga gare ta. Aikin cire yana ɗan gajere ne, ana yinsa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano wanda aka kafa tun 1943, da sauran manyan asibitoci. Masu soke ido na gargajiya sun makantar da mutane da dama.

Aikin mutanen gida

Likitoci na lissafin cewa duk wanda ke shan magani iri biyar ko fiye yana cikin haɗarin wani ya yi karo da wani. Dabarar kuwa mai sauƙi ce. Ranar zuwa asibiti a tattara dukan abin da dattijo ke sha, na asibiti da na kanti da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, a zuba a jaka ɗaya a ajiye gaban likita, kada a ɓoye kome don jin kunya. A zaɓi mutum guda cikin 'ya'ya ko jikoki wanda zai riƙa ba da maganin, ya rubuta awon jini da na sukari a littafi tare da kwanan wata, ya kuma sayo sabon magani tun saura na mako guda.

Hukuma ma ta fara motsawa. An buɗe sashen jinyar tsofaffi na musamman a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012, an sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, sa'an nan a 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya mai tanadi domin marasa ƙarfi. Abin da ya rage shi ne amfanin waɗannan ya isa ɗakin shan magani na ƙauye, inda na'urar awon jini da ƙwaya mai rahusa za su tsare rayuka masu yawa, gama tsadar magani na daga cikin manyan dalilan da ke sa talaka ya yanke sha.

Kafin wannan ya samu, nauyin yana wuyan 'ya'ya. Ɗan da ya tsaya ya ga mahaifinsa ya haɗiye ƙwayarsa kowace safiya ya yi masa abin da ya fi babbar rigar Salla, kuma kuɗin ƙwayar shekara guda bai kai na jinyar wata ɗaya ta shanyewar jiki ba.