Kiwon Tsutsa Don Ciyar Da Kaji Da Zabi

Duk wanda ya taɓa kiwon zabi ya san wahalar neman gara. Tun da asuba yaro zai ɗauki fartanya da ƙwarya ya nufi suri, don 'yan tsaki su samu abin da zai tashe su. Iyayenmu sun san hatsi kaɗai ba ya isar ɗan tsako. Yana bukatar nama, naman kaza kuwa ƙwari ne. Abincin kaji na buhu yana da abin gina jiki, domin ana haɗa shi da waken soya ko garin kifi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai kaji goma.

To, jama'a, ana iya kiwon ƙwarin a gida yadda ake kiwon kajin. Wanda ya fi sauƙi shi ne tsutsar wani ƙuda da ake kira ƙudan soja.

Wannan ƙuda ba irin na cikin gida ba ne. Baƙi ne, dogo, wanda bai san shi ba zai ɗauka zanzaro ne. Ba ya harbi, ba ya cizo, bai damu da kwanon tuwon mutane ba. Kwanansa a duniya kamar mako guda ne. A cikin wannan mako macen za ta zuba ƙwai ɗari huɗu zuwa ɗari takwas. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa bayan kamar kwana 4. Tsutsar da ta fito ba ta da aiki sai ci, dare da rana. In akwai ɗumi da abinci, cikin mako biyu ta yi ƙiba, tsawonta ya kai gaɓar yatsa. In aka busar da ita, wajen kashi 40 cikin 100 na jikinta furotin ne, wato abin gina jiki. A ƙasar Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta koya wa manoma da yawa wannan kiwo, kuma a shekarar 2017 ƙasar ta fitar da ƙa'idar sa busassun ƙwari cikin abincin dabbobi. Tarayyar Turai ma ta yarda a ba kaji su a 2021.

Yadda Ake Farawa

Ba dole sai an sayo iri ba. Ƙudan yana nan a ƙasashe masu zafi, ya fi yawa da damina. Samu tsohon daro ko roba mai faɗi, ka huda ƙasansa ƙananan ramuka don ruwa ya tsiyaye. Zuba jiƙaƙƙiyar dusa da ruɓaɓɓen mangwaro ko ɓawon gwanda, ka ajiye a inuwa inda ruwan sama ba zai shiga ba. In ya fara tsami, warin zai kira macen.

Macen ba ta zuba ƙwai a kan abincin. Tana neman busasshen tsagi kusa da shi. Saboda haka yanka kwali irin mai ramuka a gefensa, ka ɗaure guda uku ko huɗu, ka rataye su kaɗan sama da dusar. In ka ga wani abu fari-fari ya toshe ramukan, ƙwai ne. Kada ka taɓa, kada ka jiƙa.

Ƙudan gida ne zai riga zuwa, kada ka karaya. Tsutsarsa ƙanana ce, siririya. Ta ƙudan soja ta fi ta girma da kauri, kuma in ta yi yawa a daro ƙudan gida yakan ragu.

Abin Da Tsutsa Ta Ci

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Da an ce tsutsa, sai a ɗauka kowace ƙazanta ta dace da ita. Ba haka ba ne. Abin da tsutsa ta ci yana shiga kaza, abin da kaza ta ci yana shiga ƙwan da za a dafa wa yaro.

Bari in ba ku wani misali daga nesa. A Amurka da Turai akwai masu ajiye ƙadangare a ɗaki, yadda mu muke ajiye kyanwa. Tun da ƙadangare ƙwari yake ci, sai suke kiwon wani irin kyankyaso, ɗan asalin Kudancin Amurka, a cikin akwatin roba. Suna jera masa kwalin ƙwai ya ɓuya, suna ba shi karas da lemo, suna kwashe ragowar kafin ta yi fumfuna. Kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa shi ga ƙadangare, sai a ƙara masa abinci mai kyau, don ya tafi da cikinsa cike. Abin yana ba ni dariya, amma hankalin da ke ciki daidai ne. In ana yi wa abincin ƙadangare wannan hidima, abincin kazar da muke ci ya fi cancanta.

Ba tsutsarka dusa, ragowar tuwo, ƙanzo, ɓawon 'ya'yan itace, tumatir da kabewa da suka lalace a kasuwa. A yayyanka ko a daka, domin bakinta ƙarami ne. Kara da ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa ba sa yi mata amfani. Kada a sa mushe, kada a sa bayan gidan mutum. Kada a sa ganyen da aka yi wa feshi kwanan nan. In za a haɗa da kashin shanu, a guji na dabbar da ba a daɗe da yi mata allurar tsutsar ciki ba, domin maganin yana fitowa cikin kashin, yana iya kashe ta.

Kada a jibga abinci da yawa lokaci guda. Zuba kaɗan, kaurinsa kada ya wuce faɗin yatsu uku. In sun kusa cinyewa a ƙara. Abincin da ya yi tudu yana ɗaukar zafi, iska ba ta shiga ƙasansa, sai ya ruɓe.

Laima Da Zafi

Ga gwaji mai sauƙi. Damƙi abincin ka matse. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya jiƙe da yawa, sai a barbaɗa busasshiyar dusa. In ka buɗe hannu ya wargaje kamar gari, ya bushe, sai a yayyafa ruwa. In ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu suka fito, ya yi daidai. Hanci ma yana gaya maka. Daro mai lafiya tsami-tsami yake yi. Ɗoyi mai korar mutum alama ce ruwa ya kwanta a ƙasa.

Tsutsar ta fi son ɗumi irin na inuwa da damina. Ba ta son haske. Da bazara, in ka ga farare suna hawa gefen daro suna gudu, zafi ne ko ruwa ya yi musu yawa. A mai da su wuri mai iska, a raba su daro biyu. Da hunturu ba sa ci sosai, girman mako biyu sai ya kai wata ko fiye. A rufe su da buhun algarara, a rage abincin, a riƙa duba bushewa kullum.

Tururuwa da cinnaka suna iya gamawa da daro a dare ɗaya. Ɗora shi kan benci, ka sa kowace ƙafar benci cikin gwangwani mai ruwa. Ɓera da ƙadangare da kajin kansu kuwa, murfin waya ne maganinsu. Fiya-fiya kada ta kusanci wurin.

Kwasa Da Ajiye Iri

Lokacin kwasa shi ne sa'ad da suke farare masu ƙiba, 'yan kaɗan sun fara baƙi. A tankaɗe da rariya mai manyan ido. Baƙin garin da ya rage taki ne, a bar shi ya huce kafin a kai gona.

Waɗanda suka yi baƙi sun daina ci, busasshen wuri suke nema. Su ne irinka. Kada kwaɗayi ya sa ka ba kaji duka. Ware cikin hannu biyu ko uku, ka zuba su a kasko mai busasshen yashi ko garin katako. Bayan mako biyu zuwa uku za su fito ƙudaje. In kana son su zauna, yi musu ɗan keji na raga inda ranar safe take bugawa, domin ba sa barbara sai da hasken rana. Sa musu jiƙaƙƙen tsumma su sha ruwa, da kwali, da ɗan abinci mai tsami. Uwargida, kada a ce za a yi kejin da tsohon gidan sauro na asibiti. Wannan raga tana da maganin kashe ƙwari, ƙudan da ya sauka a kanta zai mutu.

Tsutsa tana da kitse, saboda haka ba ita kaɗai za a ba kaji ba. A watsa musu ita da safe, hatsi da dusa da ganye su biyo baya, da ruwa mai tsabta. 'Yan tsaki a zaɓa musu ƙanana. In ta yi yawa da damina, a tsoma ta cikin tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, a shanya a rana har ta yi ƙayau, a zuba a tulu mai murfi a ajiye wa hunturu.