Tafiya hutu Yamai: kafin ka canza kamfanin mota

Hutun 'yan lakwal ya ƙarato, wasu a Dantchiao na shawarar ko su zauna da Rimbo ko su gwada STM, Al Izza ko SONEF. To jama'a, hanyar dai guda ce: kusan kilomita 900 daga Damagaram zuwa Yamai, ta Maraɗi da Ƙonni da Dosso. Kada a tsaya kan kuɗin tikiti kawai. Mu da sai mun bi ta Magarya, lokacin tashi ya fi damunmu, don motar asuba sai an kwana Damagaram. A tambaya ko tashar na da wurin kwanciya, balle in da yara. A kuma ji kuɗin kaya, da unguwar da za a sauka a Yamai, kada taksi ya cinye 'yar rarar.