Agogon auna bugun zuciya: Tsarabar da ta dace da dattawan Korahane?

A Korahane da ke gundumar Dakoro a jihar Maradi, dattijo ba ya buƙatar agogo ya ƙirga masa taku; zuwa gona da kasuwa ya ishe shi motsa jiki. Sai dai ga ɗan ci-rani da ke Legas ko Agadez, agogon zamani mai auna bugun zuciya tsaraba ce mai jan hankali.

Agogon yana haska koren haske cikin fata ya ƙirga bugun. Ga babban mutum da ke hutawa, bugu 60 zuwa 100 a minti ɗaya shi ne daidai. Da dare kuma yana kintatar awannin barci daga motsin hannu da bugun zuciya.

Amma akwai inda gizo ke saƙa. Yawancin agogunan ba sa auna hawan jini, cutar da kan janyo shanyewar ɓarin jiki ba tare da wata alama ba. Suna kuma buƙatar caji da babbar waya, a karkarar da lantarki ke wuya.

Ga mai son lafiyar mahaifinsa, na'urar awon jini ta damtse da kuɗin motar zuwa asibitin Dakoro sun fi agogon amfani.