Anza, Gero da Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam

Ɗanyun 'ya'yan anza ba sa ciwuwa saboda ɗaci. Matan karkarar Dakoro sun san maganinsu: a jiƙa kwana da kwanaki, ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Da wannan dabara gidaje da dama a jihar Maraɗi suka toshe bakin yunwar 2005.

Ɗacin nan makami ne. Tsiro ba shi da ƙafar gudu, sai ya haɗa guba ya kare kansa. Jikin mutum kuwa ya tanadi masu gadi: a harshe akwai na'urorin jin ɗaci kusan iri 25, masu kai wa ƙwaƙwalwa gargaɗi tun kafin a haɗiye. Wasu makaman ma ƙwaƙwalwar suke taɓawa kai tsaye. Sinadarin kafeyin na goro maganin ƙwari ne a wajen itacensa, amma a kanmu yana toshe hanyar saƙon gajiya, barci ya gudu. Zaƙami kuwa rikita saƙonnin yake yi, shi ya sa ake ce masa haukata-yaro.

Sai batun ci. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana lashe kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, kuma sukari ne babban abincinta. A 2009 Richard Wrangham na Jami'ar Harvard ya ce dahuwa ce ta ba kakanninmu halin ciyar da babbar ƙwaƙwalwa, domin wuta na tausasa saiwoyi masu sitaci. Har yau ana gardama kan lokacin da hakan ya faru. Wani bincike na 2007 kuma ya nuna cewa al'ummomi masu yawan cin sitaci sun fi yawan ƙwayar gadon da ke sa miyau ya narkar da shi.

Gero ma mai sitaci ne, amma kada dai a ba shi yabon girman ƙwaƙwalwa, wanda ba nasa ba ne. Tsofaffin alamun nomansa, a kwarin Tilemsi na Mali, shekarunsu kimanin 4,500 ne, alhali ƙwaƙwalwa ta kai girmanta tun da daɗewa. A nan ita ce ta sauya shi. Geron daji zubar da tsabarsa yake yi da ta nuna. Manoma suka riƙa zaɓen zangarniyar da ke riƙe tsabarta, har gero ya kasa yaɗuwa sai da hannun mutum. Manomin Dakoro na ganin ragowar tsohon halin a shibra, wadda ke kakkaɓe tsabarta a gona ta sake tsirowa baɗi ba wanda ya shuka ta.