Kaza Mai Shuɗin Ƙwai: Samun Launin Ba Wuya, Riƙe Shi Ne Aiki

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji ya san ƙwan kazar gida fari-fari ne, na kajin gona ja-ja, na zabo kuma da ɗigo-ɗigo. Shi ya sa idan aka nuna wa mutum hoton ƙwai shuɗi a waya, abin da zai fara cewa shi ne rini aka yi masa. Ba rini ba ne, haka kazar ta saka abinta.

Asalin wadda ta fi shahara cikin irin waɗannan kaji daga kudancin ƙasar Cile take, a Amurka ta Kudu, a hannun ƙabilar Mapuche da ke yankin Araucanía, inda kazar ta samo sunanta na Araucana. Wani masanin kiwon kaji ɗan Sifaniya, Salvador Castelló, ya gan su a can, ya gabatar da bayaninsu a babban taron masu kiwon kaji na duniya da aka yi a birnin Heg a 1921. Sai dai kajin da ya gani ba tsantsar iri ɗaya ba ne. An haɗa Collonca, wadda ba ta da wutsiya kuma take yin shuɗin ƙwai, da Quetro, mai tukkun gashi a gefen kunnuwa. Wannan haɗin ne har yau yake ba masu kiwo ciwon kai.

Shuɗin daga wani sinadari yake fitowa mai suna biliverdin, irin wanda ake samu a ruwan matsarmama. Yana shiga ɓawon tun ana gina shi a cikin kazar, kamar yadda baba yake ratsa zare a marina, ciki da waje. Jan ƙwai ba haka yake ba, a ƙarshe ake shafa masa launin a sama. Fasa jan ƙwai ka leƙa ciki, fari za ka gani. Fasa shuɗi ka ɗaye farar fatar nan da ke manne da ɓawon, za ka tarar cikin ma shuɗi ne. Idan kuwa kaza ta gaji abubuwan biyu, ja ya hau kan shuɗi, ƙwan ya fito kore. A 2013 masu bincike suka gano cewa wata tsohuwar ƙwayar cuta ce ta maƙale a cikin ƙwayoyin gadon kajin tun da daɗewa, kusa da ƙwayar gadon da ake kira SLCO1B3, ta sa biliverdin yake taruwa a ɓawo. Ba ta cutar da kazar ko mai cin ƙwan. Abin mamaki, hakan ya faru da kajin Dongxiang da Lushi na ƙasar Sin, ba tare da wata alaƙa da na Cile ba.

Tun a 1933 Reginald Punnett na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa gadon shuɗin ƙwai mai rinjaye ne: ko daga ɓangare ɗaya kaza ta samo shi, uwa ko uba, zai bayyana a ƙwanta. A nan sauƙin yake, a nan kuma tarkon yake. Kazar da take yin shuɗin ƙwai tana iya kasancewa rabi ta gada, rabin 'ya'yanta ne kawai za su ɗauka idan uban ba shi da shi. Ita dai kaza ƙwanta shaidarta ne. Zakara fa? Ba ya ƙwai, amma rabin gadon kowane ɗan tsako daga gare shi yake, kuma shi kaɗai yana barbarar kaji takwas ko goma. Mai kiwo da ya san aikinsa yakan gwada shi ta hanyar haɗa shi da kaji masu farin ƙwai. Kwana 21 na kwanci, sannan wata biyar zuwa shida kafin sagarun su fara saka. Idan duk sun yi shuɗi, alama ce zakaran ya gada daga uwa da uba. Idan wasu sun yi fari, rabi ne. Idan aka ga kore, to yana ɗauke da jinin masu jan ƙwai, kuma wannan ja ya fi komai wuyar fita daga garke, domin ƙwayoyin gado da yawa ne suke haɗuwa su yi shi. Yanzu akwai ɗakunan gwaji a Amurka da Turai da suke duba gashi ko jinin zakara su ba da amsa ba tare da wannan dogon jira ba.

Akwai alamar da masu kiwo suke dubawa, wato zanko. A jinin kajin Cile, gadon shuɗin ƙwai yana zaune kusa da na gajeren zanko mai layi uku, galibi tare suke tafiya. Galibi dai, ba kullum ba.

Sai batun siffa, inda lissafin yake ƙara cakuɗewa. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ta amince da Araucana a 1976, bisa sharaɗin ba wutsiya, ga kuma tukkun kunne. Shi wannan tukku kyakkyawa ne, amma yana kisa. Ɗan tsakon da ya gada daga iyaye biyu yakan mutu a cikin ɓawo dab da ƙyanƙyasa, don haka idan aka haɗa masu tukku biyu, kusan ɗaya cikin huɗu na ƙwan ya tafi ke nan. Rashin wutsiya kuma yana hana barbara kamawa sosai, baragurbi ya yi yawa. Masu kiwo sukan haɗa mai tukku da marar tukku, wasu har su rage gashin bayan kajin da almakashi. A ganina, wanda yake kiwo a bayan gida don ƙwai da sha'awa ba shi da dalilin ɗaukar wa kansa wannan asarar. Akwai Ameraucana, wadda ƙungiyar ta amince da ita a 1984: tana da wutsiya da gemu da saje, ba ta da tukkun nan mai kisa, ƙwanta shuɗi. Akwai kuma Cream Legbar da Punnett da Michael Pease suka fitar a Ingila, wadda tun ranar ƙyanƙyasa ake gane mace da namiji. Macen tana da duhun zane a baya, namijin ya fi haske, da farin tabo a ka.

Yawancin abin da ake sayarwa da waɗannan sunaye ruwa biyu ne, waɗanda Amurkawa suke kira Easter Egger. Ba laifi gare su, suna da ƙwari kuma suna saka ƙwai, sai dai ba a sanin launin da za a samu sai an gani. Wasu ma da gangan suke haɗa mai shuɗi da Marans ta Faransa, mai ƙwai ja wur mai duhu, don su sami kore irin na zaitun.

Wanda yake son tsantsar shuɗi sai ya jure wa ƙananan ayyuka. Ya ware kajin daga kowane zakara na tsawon mako uku kafin ya haɗa su da wanda ya zaɓa, domin kaza tana riƙe maniyyin barbarar baya. Ya jera ƙwan a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila ba, ya rubuta alamar uwar a kan kowanne da fensir. Ya tuna launi ya fi ƙarfi a farkon saka, yana dusashewa yayin da watanni suke tafiya, kada ya yanka kaza mai kyau don ta gaji. Kuma kada shuɗi ya rufe masa ido ya yi ta haɗa 'yan'uwa na jini har jiki ya ƙanƙance, 'yan tsaki su riƙa mutuwa. Sauran kiwon kuwa duk ɗaya ne da na kowace kaza: akurki mai iska, ruwa mai tsafta, abinci mai alli don ɓawo ya yi ƙwari, da rigakafin cutar Niyukasil, wadda ba ruwanta da tsadar kaza.

Masu talla sukan ce shuɗin ƙwai ya fi gina jiki ko ba shi da maiƙo mai cutar da zuciya. Ba gaskiya ba ne. Launin a ɓawo ya tsaya. Gwaiduwa da ɗanɗano abin da kazar ta ci ne yake sauya su, wadda take yawo tana tsince-tsincen ganye da ƙwari gwaiduwarta ta fi ja, ko ƙwanta fari ne ko shuɗi.